Kwana uku a ƙafa cikin duwatsun ƙasar Zuru: labarin rana ta biyu

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Tun makon jiya na yi alkawarin kawo labarin tafiyar ƙafa da muka yi cikin duwatsun ƙasar Zuru, sai yau na samu zama. Kwana uku muka yi da kayanmu a baya, amma rana ta biyu zan ba ku, don ita ce har yanzu nake juyawa a raina.

Mu huɗu ne: ni, da ƙanena, da wani abokin aikina malamin makaranta, sai wani dattijo mafarauci ɗan yankin da ya yarda ya shige mana gaba. Baba muke kiransa. Daren farko a zauren mai unguwar wani ƙauye muka kwana, a gindin dutse. Da asuba sanyin hunturu ya ƙage mini yatsu har igiyar takalmi sai da na ɗaura sau biyu. Muka yi sallah, aka aiko mana da kunu mai zafi daga cikin gida, ƙarfe shida da kwata muka kama hanya.

Jakata kilo 17 ce, na aza ta a sikelin wani mai sayen hatsi kafin mu bar Zuru. Ruwa lita huɗu, bargo, ledar shimfiɗa, ƙaramar tukunya, shinkafa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, tocila, fawa bank, da kayan sawa kala uku. Shi kuwa Baba gora ɗaya ya rataya, sai adda da sanda da ɗan ƙullin gari a burgami, takalmin roba a ƙafarsa.

Awa biyun farko babu wahala. Burtali muka bi ta tsakanin gonakin dawa da aka riga aka girbe, hazo ya lulluɓe kan duwatsun ba ka ganin ƙarshensu. Daga nan hawa ya fara. Akwai wani falalen dutse da sai ka sa tafin hannu ka dafa, jaka tana janka baya, numfashi yana fita da ƙara. Baba ba ya sauri, amma kuma ba ya tsayawa. Mu ne ke zabura mu wuce shi, bayan ɗan lokaci ya same mu zaune muna haki, ya wuce bai ce komai ba.

Wajen ƙarfe goma muka kai sama, muka iske kufai. Wannan wurin ya taɓa ni ƙwarai. Ga zagayen duwatsu inda ɗakuna suke a da, ga dutsen niƙa wanda tsakiyarsa ta lotsa har tafin hannuna ya nutse a ciki, ga katangar tukwane a watse, ga wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Baba ya ce kakanninsa a nan suka zauna saboda tsoron mahara, sai da ƙasa ta lafa aka sauko fili. Ƙanena ya sunkuya zai ɗauki wani ɓallin tukunya mai zane, Baba ya riƙe masa hannu ya ce a bar wa masu shi. Ya nuna mana gefe guda ya ce kada mu taka, makabarta ce.

Abin da ya kusa karya mu ruwa ne. Lissafinmu shi ne za mu cika jarkokinmu a wata ƙorama da Baba ya sani a bayan dutsen. Ƙarfe ɗaya muka isa, rana ta take, muka tarar da yashi fari fat, ko ɗigo babu. Kowannenmu bai fi lita ɗaya ya rage masa ba, ga sauran tafiyar awa huɗu. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Baba ya bi ƙoramar ƙasa kamar taku ɗari biyu, ya tsaya a wata kwana inda yashin ya taru a gindin dutse ƙarƙashin wata kanya, ya durƙusa ya fara tono da adda da hannu. Muka kama masa. Da ramin ya kai tsawon hannu sai yashin ya fara duhu, ya yi sanyi, can sai ga ruwa yana tsattsafowa a hankali, ja kamar kunun kanwa. Ya ce a kwashe na farko a zubar, a jira na biyu. Muka tace da rawanin abokina, muka hura wuta muka tafasa a tukunyar nan. Awa ɗaya da rabi muka yi a wurin. Azahar da taimama muka yi ta, don ba wanda ya iya zuba ruwan nan a ƙafa.

Gangara ta fi hawa ciwo. Gwiwoyina suka riƙa rawa, diddigen hagu ya yi bororo ya fashe. Ana kiran magariba muka shigo ƙauyen da za mu kwana, wayata ta nuna kilomita 24. Kafin mu kai gidan farko 'yan banga huɗu suka tare mu da tocila da bindigar toka. Ba su ji daɗin ganin baƙi da manyan jakunkuna sun sauko daga dutse da duhu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai da Baba ya yi musu magana da C'lela, yaren mutanen yankin, muka nuna takardar da mai unguwar farko ya rubuta mana, suka zazzage jakunkunan a ƙasa, sannan aka ce mana sannu da zuwa.

Ina son komawa bayan damina. Waɗanda suka san harkar nan, me zan rage a kaya, me zan gyara?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, alhamdu lillahi da kuka dawo lafiya, amma ni gaskiya tun da na fara karantawa jikina ke rawa. A wannan zamanin? Ƙasar Zuru fa kake magana, inda mutanen Danko-Wasagu da Sakaba suka yi shekaru suna kwana da ido ɗaya. Ka manta abin da ya faru da ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021? Kana da mata da 'ya'ya, ka kuma ja ƙanenka. Da wani abu ya faru, mahaifiyarku 'ya'ya biyu za ta nema rana ɗaya. Don Allah me za ka samo a kan dutse da ya kai wannan?

Tsohon Soja:
Ɗana sannu da hanya. Bari in fara da tambayarka, maganar tsaro zan dawo kanta. Nawa ne nauyin jikinka?

Abban Hanifa:
Kilo 68, Baba.

Tsohon Soja:
To ka ɗauki rubu'in jikinka a baya. Ya yi yawa ga wanda bai saba ba. Ka'idar da masu wannan tafiya ke bi ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka, kai ke nan kilo 13 zuwa 14, har da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ita ba a taɓa ta. Abin da za ka zubar shi ne kayan sawa kala uku. Wa zai gan ka a daji? Kala ɗaya a jiki, ɗaya mai tsarki a leda don sallah da barci. Shinkafa ma ka bar ta, tana cin ruwa tana cin itace tana cin lokaci. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dakuwa, ƙilishi, dabino, sun ishe ka kwana uku. Tukunya ɗaya ta ishi mutum huɗu, kuma ka ga amfaninta.

Shirya jakar ma ilimi ne. Mai nauyi ya kwanta a jikin bayanka, tsakanin kafaɗa da ƙugu, bargo a ƙasa. In jakar tana da ɗamarar ƙugu ka ja ta sosai, ƙugu ne zai ɗauki kayan, kafaɗa riƙo kawai take yi. Abin da ya sa take janka baya a kan falalen nan, nauyin ya yi nisa da bayanka.

Bororo kuwa, sabon takalmi ka sa ko?

Abban Hanifa:
Sabo ne fil, ranar Laraba na saya muka tashi Juma'a.

Tsohon Soja:
Shi ke nan. Takalmin tafiya sai ya yi sati biyu ko uku yana yawo da kai a gari. Ka sa safa biyu, siririya a ciki mai kauri a waje. Da ka ji wuri ya fara zafi, tun kafin ya tashi, ka zauna ka manna filasta. Duk hutu ka cire takalmi ƙafa ta sha iska. Farce kuma a yanke shi gajere, don a gangara shi ke dukan gaban takalmi har ya yi baƙi ya fita.

Ɗan Kwatarkwashi:
Wallahi labarin ga ya sa ni ƙwalla. Mu da munka tashi Kwatarkwashi, dutsi shi na filin wasanmu. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san shi, yana nan tsaye bisa gari. Muna yara ranar Alhamis in babu makarantar allo sai mu haye, mu zamna bisa muna kallon motoci ƙanana awa ƙwaro, mikiya na shawagi kusa da kanmu. Babu mai tambayarka ina za ka. Yanzu ɗiyana sun girma ba su san bayan dutsin ga ba. Gona ma in ta yi nisa da gari sai an yi shawara kahin a tahi. Maman Sadiq tana da gaskiya, ni ma ba ni barin nawa su shiga daji. Amma da na karanta wurin kufan ga sai na ji kishi. Mu an raba mu da namu.

Bello Argungu:
Ni ban ga abin burgewa ba. Wannan kwaikwayon Turawa ne kawai. Su sun ƙoshi, motoci sun ishe su, shi ya sa suke neman wahala da kuɗinsu. Mu da wahalar ke zuwa har gida ta same mu, me ya kai mu sayen jaka mu tafi nemanta?

Malam Na Jega:
Malam Bello, a nan ban bi ka ba. Tafiyar ƙafa da kaya ba Bature ya koya mana ba. Kakanninmu fatake daga Kano suke tashi da jakuna su tafi Gwanja sayen goro, can Salaga a ƙasar Gana ta yau, wata da watanni a hanya. Ayari da yawa ta nan ƙasarmu suke ratsawa, su yi ciniki a Jega, su ƙetare Kwara wajen Illo ko Yawuri. Kalmomin ma suna nan a bakinmu: madugu, jagaba, zango, guzuri. Ga kuma waɗanda suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi kafin su ga Ka'aba. Bambancin dai su neman halali da ibada ya fitar da su. In ka ce a duba niyya, na yarda. Amma ka ce baƙon abu ne, a'a.

Bello Argungu:
To ai ka faɗa da bakinka, Malam. Su da dalili suka fita. Shi fa?

Abban Hanifa:
Yaya Bello, tambayarka da ta Maman Sadiq ɗaya ce, bari in amsa iyakar gaskiyata. A Zuru aka haife ni, shekarata 36. Kullum in na buɗe ƙofa duwatsun nan nake gani, amma ban taɓa sanin abin da ke kansu ba. Ina koyar da yara tarihi, ina gaya musu mutanen da sun zauna a kan tsaunuka don tsira da ransu, alhali daga takarda na kwaso. Ranar da na sa hannu cikin dutsen niƙan nan na tuna cewa wata mata ce ta lotsa shi da hannunta, kuma duk ruwan da ta dafa tuwo da shi daga ƙasa aka hau da shi, ta hanyar da ta kusa kashe ni da lita huɗu. Tun daga ranar darasin ya canza a bakina. Dalilina ke nan. In bai isa ba a wurinku, ban ji haushi ba.

Anti Rifkatu:
Ƙanena, ni 'yar Dabai ce, kuma na ji daɗin yadda ka yi maganar kufan da ladabi. Amma akwai abu biyu da nake so ka riƙe. Na farko, abin da kuka yi kwana uku kuna kira tafiya, iyayenmu mata a ƙauyukan nan kullum suke yinsa, da itace ko tulu, wata da goyo a baya, ba wanda ya taɓa auna musu kilo. Ba ina rage maka ba ne, so nake in ka tsaya gaban ɗalibanka ka faɗi wannan ma.

Na biyu, Baban nan. Nawa kuka ba shi? Don na san halinmu, sai a sayi jaka da takalmi na dubban nairori, mutumin da ya tono muku ruwa a yashi kuma a sallame shi da "Allah ya saka". Ilimin da ya nuna muku a kwanar ƙoramar nan shekara hamsin ya yi yana tara shi.

Sannan don Allah kada ka sa hoton kufan da sunan wurin a Facebook. Mutanenmu na da suna ɗora tukwanen yumɓu masu siffofi a kan kaburbura, kuma ɓarayin kayan tarihi sun daɗe suna bin su. Wanda ke son ganin irinsu ya nema ta hannun masarauta.

Abban Hanifa:
Anti, na karɓa duka. Mun yi ciniki da Baba tun kafin mu tashi, kuɗin yini uku kamar yadda ake biyan ƙwararren ma'aikaci, muka ƙara masa bayan mun dawo, na bar masa tocilata don ya yaba ta. Sunan ƙauyukan kuwa da gangan na ɓoye, kuma haka zai zauna.

Nas Hadiza:
Ni wurin ruwan ne ya tsaya mini. Lita huɗu ga mai tafiyar awa goma sha biyu da kaya ta yi kaɗan, ko da hunturu ne. Hunturu ma ya fi yaudara, iska busasshiya ce, gumi na bushewa nan take, mutum bai san yana zubar da ruwa ba. Ka lissafa aƙalla rabin lita duk awa ɗaya ta tafiya, kuma kada ka jira ƙishi. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja kamar shayi ko ya ɗauke, an shiga matsala. In ciwon kai da jiri da murɗawar nama suka biyo, a tsaya a inuwa. In mutum ya fara magana ba kan gado, wannan ta gaggawa ce, a jiƙa shi a yi masa fifita a nemi hanyar asibiti.

Ku riƙa tafiya da ƙullin gishiri da sukari. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ko ku sayi na leda a kemis, ba shi da nauyi. Tafasa ruwan da kuka yi daidai ne, tacewa da rawani tana cire laka ne kawai, ba ta kashe ƙwayar cuta. Ya tafasa sosai na minti ɗaya ya isa.

Sai maciji. Kububuwa tana son irin wurin nan, ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa, kuma ita ce ke yawan kashe manoma a arewa. Kada a sa hannu inda ido bai gani ba, a zazzage takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaurewa tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsewa. A cire zobe da agogo, a sa kara a ɗaure ƙafar kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Tun kafin ku tashi ku bincika wane asibiti ne ke da ita a kusa.

Bello Argungu:
Baƙin dutsen nan na maciji fa, Nas? Mu mun ga ana sa shi yana kamawa.

Nas Hadiza:
Yana manne wa ciwo, Yaya Bello, amma ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jini. Sau da yawa maciji na sara bai zuba dafi ba, mutum ya warke, a ce dutse ne. Wanda aka zuba wa kuma ana zaune ana jiran dutse har jini ya fara fita ta dasashi. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, shi ya sa nake magana da zafi.

Sani Injiniya:
Bari in ƙara wani abu kan lissafin lokaci, don da shi ne ba za ku shiga gari da duhu ba. Akwai ka'idar da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Kilomita 24 ɗinku kusan awa biyar ke nan, in an ƙara hawa a ce shida. Amma wannan na mutum mai ƙarfi ne, marar kaya, a ƙasa mai sanyi, ba hutu a ciki. Ku kun yi sha biyu. Ni in zan tsara muku, kilomita 15 zuwa 18 a yini ta isa, a tashi da asuba, a yada zango kafin la'asar.

A Amurka akwai hanyar Appalachian, kusan kilomita 3,500 daga jihar Jojiya zuwa Maine, tana ratsa jihohi 14, masu bin ta gaba ɗaya suna yin wata biyar zuwa bakwai. Abin da ya sa suke iyawa, an yi wa hanyar alamar farin fenti, akwai rumfunan kwana, an rubuta inda ruwa yake. Mu taswirarmu tana cikin kan irin su Baba. Ko Chappal Waddi da ke Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, da ɗan jagora ake hawansa.

Abban Hanifa:
Na gode Injiniya. Malam Na Jega, ina da tambaya. Abokina ya ce mu yi ƙasaru tun da matafiya ne, ni na ƙi, muka yi ta ja har muka cika. Wa ke da gaskiya? Taimamar da muka yi fa alhali ga ruwa a tukunya?

Malam Na Jega:
A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar ƙasaru burudi huɗu ce, mil 48, wajen kilomita 80, kuma zuwa kaɗai ake lissafawa ban da dawowa, a kuma yi niyyarta tun farko. Duka tafiyarku nawa ce?

Abban Hanifa:
Ba ta kai 60 ba, kuma zagaye muka yi muka dawo inda muka tashi.

Malam Na Jega:
To cikawar da kuka yi ita ce daidai. Wahalar hanya ba ita ke kawo ƙasaru ba, nisa ne. Taimama kuwa ta inganta, domin wanda ke da ruwa kaɗan yana tsoron ƙishi ga kansa ko abokan tafiyarsa, hukuncinsa kamar marar ruwa ne. A kan yashi ko a kan dutsen ma duk ya halatta. Allah ne mafi sani.

Tsohon Soja:
Na ce zan dawo kan tsaro. Hajiya Maman Sadiq ba ta faɗi ƙarya ba, kuma kada wani yaro ya karanta wannan ya ɗauki jaka gobe. Abin da ya fitar da ku lafiya abu uku ne: ɗan gari a gabanku, takardar mai unguwa, da Allah ya sa 'yan bangar nan masu tambaya ne kafin su taɓa kunama. Kuskurenku babba shi ne shiga gari bayan magariba. Mutanen da aka sha kai wa hari, in suka ga inuwa huɗu da kaya suna saukowa daga dutse, ba malamin tarihi suke gani ba. Nan gaba a aika wa ƙauyen gaba tun kwana biyu, a sanar da hakimi da ofishin 'yan sanda, a bar wa mutum ɗaya a gida sunan kowane zango da lokacin isa. Ba kaya masu ruwan sojoji, ba baƙaƙen kaya, ba rufe fuska ko don ƙura. In ɗan jagora ya ce yau ba a bin nan, ba musu. Akwai kuma sassan da ko da rakiyar wa ba na ba ka shawarar shiga yanzu, kai ma ka san su.

Maman Sadiq:
Baba Soja, duk na ji, amma ni ban sauka daga maganata ba. Takarda ba ta tare harsashi. Abban Hanifa, tambaya ɗaya: Hajiyarku ta san inda kuka tafi?

Abban Hanifa:
Ta san mun tafi ƙauye, ba ta san dutse za mu hau mu kwana biyu ba. Da muka dawo ta ga ƙafata na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, shiru ta yi, shirun kuwa ya fi faɗan zafi. Wannan kam na yi kuskure, Yaya. Ba zan sake fita ba sai da izininta a fili, in ta ce a'a na haƙura.

Maman Sadiq:
To ka fara da nan. Ni kuma ina roƙon Allah ta ce a'a.

Ɗan Kwatarkwashi:
In ta ce i, Abban Hanifa, ka sanar da ni tun da wuri. Ina son in zo da babban ɗana, shekara tai 17, ko yini guda na, ko gindin dutsin munka tsaya. Sai dai ba ni bin hanyar Anka da Daki Takwas da shi. Ta ina kuke ganin ya hi?

Tsohon Soja:
Ka zagayo ta Sakkwato da Jega, ka biyo Koko, Mahuta, Dabai. Ta fi nisa, ka kwana a hanya in ta kama, kada ka yi tafiyar dare. Yaron kuma ka saya masa takalmin tun yanzu ya fara takawa.